Gidan Gaba da Idon Direba: Tarihin Tsarin Zama a Motocin Haya na Jos

Birnin Jos yana kan tsaunin da tsayinsa ya haura mita 1,200 daga doron teku, ba shi da kogin da jirgi zai bi, kuma hanyoyin da ke shigarsa daga kudu da gabas duk sai sun yi hawa mai tsanani, saboda haka tun kafuwarsa a farkon ƙarni na 20 sana'ar ɗaukar mutane da kaya ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan rayuwarsa. A cikin kowane abin hawa da ya yi wannan aiki akwai buƙatu biyu da ba sa shiri da juna: mai abin hawan yana son kowane taku na cikinsa ya ɗauki wanda zai biya kuɗi, matuƙi kuwa yana bukatar sararin da zai ga gabansa da gefensa da bayansa. Yadda aka yi ta sasanta waɗannan buƙatu, daga jirgin ruwan da ya kwashi kuzar farko zuwa keken da ke yawo a unguwar Taminus a yau, ya nuna cewa ganin hanya bai taɓa zama aikin mutum ɗaya ba, kuma yawancin matsalar da ake kuka da ita a yanzu ta samo asali ne daga lokacin da aka sallami masu taya direba gani, alhali lodin bai ragu ba.

Lokacin da Kanar H. W. Laws na Kamfanin Neja ya hau tsaunin tsakanin 1903 da 1904 ya kafa sansani a Naraguta, babu titi kuma babu layin dogo, don haka 'yan dako da jakuna ne suke saukar da kuza tafiyar kimanin mil 200 zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, inda jiragen ruwa masu aiki da tururi suke ɗaukarta su bi ta Lakwaja zuwa bakin teku. Waɗannan jirage an ƙera su ne da shafaffen ciki don kada su tokari yashi, kuma tsarin zamansu hawa biyu ne: a ƙasa akwai tukunyar tururi da itacen wuta da kaya da fasinjoji 'yan ƙasa, a sama kuma Turawa ne da gadajensu na tafiya a ƙarƙashin rumfa, sannan mazaunin matuƙi yana can gaba a saman. Ba don girmamawa aka ɗora matuƙin a wurin ba, sai don Binuwai kogi ne da ke sauya hanyarsa kowace shekara, kuma daga tudu ne kaɗai ake iya bambanta launin ruwa mai zurfi da na ruwan da ya lulluɓe tsibirin yashi. Duk da haka idonsa bai wadatar ba, sai an tsayar da wani a goshin jirgin riƙe da doguwar sanda yana auna zurfi yana faɗa da ƙarfi. Wannan rabon aiki shi ne daga baya dokokin teku na duniya suka mayar da shi wajibi, domin ƙa'idojin hana karo na 1972 sun ɗora wa kowane jirgi tsaron hanya da ido da kunne a kowane lokaci, yarjejeniyar kare rayuka a teku kuma ta ƙayyade cewa a babban jirgi bai kamata abin da ke ɓoye wa matuƙi na ruwan gabansa ya wuce tsawon jirgin sau biyu ko mita 500 ba, wanda duk ya fi gajarta a cikinsu. 

Zamanin Loko bai daɗe ba. Layin dogo na Baro zuwa Kano ya kammala a 1911, sannan aka ja wani siririn layi daga Zariya, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda ya isa Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, ya yi aiki har aka rufe shi a 1957, bayan babban layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya iso Jos tun 1927. Ragowar kawunan wannan ƙaramin jirgi da taragunsa suna ajiye a harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, kuma duk wanda ya dube su zai ga cewa direban yana tsaye ne a bayan doguwar tukunya, yana leƙen hanya ta wata 'yar taga a gefe guda, ɗaya gefen kuwa sai mai zuba gawayi ya duba masa. Jirgin ƙasa ne kuma ya koya wa matafiya cewa wurin zama yana da daraja hawa-hawa, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, kowace da kuɗinta, kuma wannan darasi bai tsaya a tashar jirgi ba.

Motar da ta gaji wannan tsari, wadda kuma ta fi kowace tasiri a kan al'adar tasha, ita ce babbar mota mai bodin katako. Kamfanonin Turawa suna shigo da ƙashin motar ne kawai, wato inji da ƙafafu da sitiyari a kan dogayen ƙarafa biyu, da farko ƙirar Ford da Chevrolet da Albion, daga baya Bedford da Austin da Marsandi, sai kafintocin gida su gina mata jiki da katako gwargwadon abin da mai ita yake so. Tun da kafinta ne mai tsara ciki, kuma mai mota ne mai biyansa, ba abin mamaki ba ne da jikin yakan fi kan motar faɗi, ya kuma fi shi tsayi nesa ba kusa ba. A gaba akwai gidan direba, inda mutum ɗaya ko biyu suke zama kusa da shi su biya kuɗi mafi tsada. A wasu motocin akwai wani ƙuntataccen ɗaki mai benci ɗaya a bayan direba, wanda shi ne daraja ta biyu. Sauran jama'a kuwa suna baya a kan alluna da ake gittawa daga wannan gefe zuwa wancan, waɗanda ake iya zarewa a jingine idan lodin ranar buhuna ne ba mutane ba. Ta baya ake shiga, a taka wani ƙarfe a kama sarƙa a haura, kuma wanda ya fara shiga shi ne zai fi nisa da ƙofa, ya fi kusa da zafin inji, ya kuma fi samun sauƙin girgiza, domin wutsiyar mota ita ce ke shan kowane rami.

A irin wannan mota direba yana ganin gabansa ta gilashi biyu shafaffu masu ginshiƙi a tsakani, bayan dogon hancin mota ya riga ya ɓoye masa abin da ke kusa da tayoyin gaba, bayansa kuwa ba ya ganin komai face bangon katako, kuma ƙaramin madubin da ke maƙale a ƙofa sau da yawa jikin motar yake nuna masa maimakon hanya. Wanda ya cike wannan giɓi shi ne yaron mota, wanda aka fi sani da karen mota, wato almajirin direba da ke koyon tuƙi ta hanyar yi wa mota hidima shekara da shekaru. Wurin zamansa shi ne bakin ƙofar baya ko saman kaya, daga nan yake hangen motar da ke son wucewa, da igiyar da ta kwance, da tayar da ta fara hayaƙi, kuma da yake murya ba ta kai wa gaba saboda rurin inji, sai ya bugi jikin motar da tafin hannu ko da ƙarfe, bugun tsayawa daban, na tashi daban. Idan za a yi baya shi ne ke sauka ya tsaya inda direba zai gan shi. Idan mota ta kasa a tsakiyar hawa, abin da ya zama ruwan dare a hanyoyin da ke hawa tsaunin, shi ne ke dirowa da waigi, wato guntun katako mai kusurwa da ake cusawa a bayan taya, kafin nauyin kaya ya ja motar zuwa rami. A hanya irin ta Hawan Kibo, wadda ke gangarawa daga yankin Riyom zuwa Akwanga, ko mashigin Panshanu da ke hanyar Bauchi, ran mutum arba'in yakan rataya ne a kan saurin ƙafar yaron da ba a biyansa albashin kirki. Ba banza ba ne waƙar da ta fara fito da sunan Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, ta kasance a kan karen mota: mawaƙin ya tashi a garin da kowa ya san abin da wannan yaro yake yi, ko da yake ba kowa ne ke ganin girmansa ba.

Gidan gaba kuwa ya zama wurin daraja tun daga wannan zamani, kuma dalilan a fili suke, domin can ne babu ƙura, babu ruwan sama, babu warin kaji da daddawa, ga kuma hira da direba, wanda a wancan lokaci mutum ne mai labarin garuruwa. Akan ajiye shi ga mai motar, ko malami, ko attajirin da kayansa ne suka cika bayan, ko ma'aikacin kamfanin kuza mai albashi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa wurin da ya fi daraja shi ne kuma wurin da zamansa ya fi shafar tuƙi, tun da duk wanda aka ƙara a nan yana cin wani yanki na gwiwar hannun direba da na tagar da yake duba gefe.

Ranar 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, wanda shi kansa ɗan Filato ne, lokacin kuma Jos tana hedikwatar jihar Binuwai da Filato a ƙarƙashin Joseph Gomwalk, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma hannun dama. Dalilin bai da wuyar fahimta, domin dukkan maƙwabtanta, Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, a dama suke tuƙi, Saliyo ta riga ta sauya a 1971, Ghana kuma ta biyo baya a 1974.  Sai dai doka tana iya sauya gefen hanya a dare ɗaya, amma ba ta iya ɗauke sitiyari daga inda maƙera suka dasa shi, don haka shekaru da dama bayan nan akasarin motocin da ke hanya sitiyarinsu yana dama, suna kuma tafiya a dama, wato direba yana zaune a gefen daji maimakon tsakiyar titi. Mai son shan gaban wata babbar mota a irin wannan zama ba zai ga abin da ke tahowa ba har sai ya fitar da fiye da rabin motarsa cikin hannun masu zuwa, kuma hannun da ya saba miƙawa ta taga don ba da alama ya koma ɓangaren da na bayansa ba ya dubawa. A nan fasinjan gidan gaba, wanda ke zaune a hagu, ya tashi daga baƙon girma ya zama idon direba, shi ne mai cewa a tafi ko a dakata, ko ya san tuƙi ko bai sani ba. Motocin safa, wato manyan motocin fasinja masu ƙofa a gefe, sun sami tasu matsalar, domin ƙofar da aka yi don ta buɗe a bakin hanya ta koma tana zubar da mutane a tsakiyar titi, abin da bai dami mai bodin katako ba tun da ta baya ake sauka.

Sabbin motoci ne suka warware wannan a hankali, musamman bayan kamfanin Peugeot, wato Fijo, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya kawo suka cika hannun ma'aikata. Fijo 504 mai dogon baya ta zama sarauniyar tafiya tsakanin Jos da Kaduna, Kano, Bauchi da Makurɗi, kuma an ƙera ta da layin kujeru uku, waɗanda 'yan tasha ke kira gidan gaba da gidan tsakiya da gidan baya. Tana da gilashi ta ko'ina, tana da madubi a ciki da waje, saboda haka a ƙa'ida direbanta ba ya bukatar kowa ya taya shi gani, kuma kujerar da yaron mota zai zauna ta fi amfani idan aka sayar da ita. Da haka karen mota ya fita daga ƙananan motocin haya, ya saura a tirela da tanka da motocin shanu. Amma ganin da aka yi zaton gilashi ya bayar bai daɗe ba, domin kayan fasinjoji sukan cika but har a bar murfinsa a ɗage a ɗaure da igiyar roba, kawunan mutanen gidan baya su toshe sauran, madubin ciki ya zama abin rataya carbi ko gicciye. Gidan gaba da aka yi don mutum ɗaya ya koma na biyu. A tsofaffin Fijo da sandar giyarsu ke jikin sitiyari wannan bai cika takura direba ba, amma da giya ta sauko ƙasa tsakanin kujeru sai ya zama fasinja na biyu yana zaune rabi a kan kujera rabi a kan birkin hannu, direba yana neman giya ta uku a ƙarƙashin gwiwar baƙo.

Wanda ke tsara wannan zama shi ne ɗan kamasho, wato mai kiran fasinja da karɓar kuɗi a tasha bisa wani kaso, a ƙarƙashin ƙungiyar direbobi ta ƙasa da aka kafa a 1978, wadda ke riƙe da layin lodi a tashoshi irin na Bauchi Road da Gada Biyu. Aikinsa ya wuce ƙirga kawuna, domin yana auna jiki da ido, ya haɗa mai ƙiba da siriri, ya roƙi Alhaji ya ɗan gyara, ya mayar da Hajiya kusa da wata mace ko kusa da ƙofa don kada ta shiga tsakanin maza, ya ba Baba gefen taga saboda ƙafarsa, sannan idan mutum huɗu ne a layin mutum uku ya sa ɗaya ya zamo gaba ɗaya ya jingina baya har kafaɗu su sami wuri. Wanda ya riga zuwa yakan ajiye jaka ko hula a kujerar da yake so ya tafi neman shayi, kuma ba a taɓa masa. Mai hali kuma yakan biya kuɗin kujera biyu ya mallaki gidan gaba shi kaɗai, wanda a zahiri yana sayen wa dukkan motar lafiyar tuƙi ne da kuɗinsa, ko da jin daɗin kansa kawai ya nufa.

Ɗora laifin obalodi, wato lodin da ya wuce ƙima, a kan haɗamar direba kaɗai bai yi wa tarihi adalci ba. Bayan rushewar kasuwar kuza ta duniya a 1985 da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai sufuri, kuma direban da ba shi ne mai mota ba dole ya kai balas, wato ƙayyadadden kuɗin da mai mota ke karɓa kowace rana ko kowane sawu, bayan ya sayi mai ya biya kuɗin tasha ya kuma sallami masu tsayawa a hanya. Sau da yawa kujerar da aka ƙara ita ce ribarsa gaba ɗaya. Fasinjoji ma suna da hannu, tun da akasarinsu sun fi son matsi da araha a kan sarari da tsada. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta tilasta ɗaura bel a kujerun gaba daga farkon 2003, kuma wannan doka ta taɓa tsarin zama ta hanyar da ba a faɗa ba, domin bel ɗaya ne a kujerar, mutum biyu kuwa ba sa shiga cikinsa. Ta yi tasiri a motocin kamfanoni da na gwamnatin jiha da ke lodi a cikin harabarsu, amma a hanyoyin Mangu da Bokkos da Pankshin, inda ake ɗauko dankalin Turawa da kabeji zuwa kasuwar Farin Gada, mutum da buhu har yanzu tare suke biyan kuɗi.

Hayis, ƙaramar bas ƙirar Toyota, ta zo da nata tsarin. Injinta yana ƙarƙashin kujerun gaba, direba yana zaune a kan tayar gaba ba tare da hanci a gabansa ba, don haka yana ganin hanya fiye da direban kowace mota da ta gabace ta, ko da yake babu abin da ke tsakaninsa da abin da zai kara da shi sai gilashi da faranti ɗaya na ƙarfe. Da yawa daga cikin waɗanda aka shigo da su na hannu ne, wasu ma motocin kaya ne marasa kujeru, sai masu walda su yanka musu tagogi su dasa bencina huɗu ko biyar a matse, a kuma zaunar da wasu a kan murfin inji suna kallon baya, gwiwa na gugar gwiwa. Waɗanda aka sayo daga Japan ko Ingila sitiyarinsu a dama yake, kuma tun da dokokin hanya sun hana yi wa irinsu rajista, kanikawa sukan juya sitiyarin zuwa hagu, amma ƙofar fasinja mai zamewa takan zauna a hagun da aka ƙera ta, fitilun gaba da sandunan share gilashi ma sukan ci gaba da fifita ɓangaren da direba ya bari. Wato matsalar 1972 ta dawo ta ƙofar kasuwar tsofaffin motoci. A Jos kuma yanayi yana ƙara nasa, domin a sanyin Disamba da Janairu, ko a ruwan Agusta da hazo ke sauka kan duwatsu, fasinjoji sukan rufe tagogi ruf, numfashin mutum goma sha takwas ya kwanta a gilashi, na'urar busar da shi kuwa ta daɗe da mutuwa, sai a ga direba yana tuƙi da hannu ɗaya yana goge da'irar da zai leƙa da tsumma, ko ya miƙa tsumman ga na kusa da shi.

A cikin gari, bayan gwamnatin Jonah Jang ta hana acaɓa a Jos da Bukuru, keke mai ƙafa uku ya cika titunan Taminus da Dilimi da Farin Gada. An ƙera shi don mutum uku a baya da matuƙi shi kaɗai a tsakiyar gaba, inda zai riƙe ƙahon da hannu biyu a daidai ya ga madubansa biyu, amma ba a jima ba aka fara zaunar da fasinja na huɗu a gefen kujerarsa, abin da ke tura matuƙin gefe guda har ya riƙa karya kwana da kafaɗa a karkace. Idan ruwa ya sauko akan saki labulen leda a ɓangarorin biyu, wanda shekara ɗaya ta rana da ƙura ta isa ta dusashe shi, kuma a mahaɗar hanya matuƙin yakan ɗaga gefen labulen da gwiwar hannu, ko ya tambayi fasinjan gaban ko akwai mota ta ɓangarensa.